Rijiyar da Maza Suka Binne don Tsoron Wutar Teku

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba zan manta da bazarar da mazan garinmu suka binne rijiya da hannunsu don tsoron wutar da ke ƙarƙashin teku ba. Teku fa na ce. Mu da ko gulbin da ya ratsa Bungudu, in rani ya tsananta sai mun durƙusa mun tona yashi kafin mu ga abin jiƙa maƙoshi.

Abin ya faru ba a daɗe da yanke mana jiharmu daga Sakkwato ba, lokacin da Gusau ke cika da baƙin ma'aikata masu neman ɗakin haya, motoci kuma na kwana a layin mai. Bazarar nan ce da ruwan fari bai daɗe da sauka ba aka ce shugaban nan na soja ya rasu. Ni kuwa damina biyu ke nan da fitata takabar maigidana, ina riƙe da gidana da sana'ar fura, ba na jiran kwanon kowa. Sunan garin ba zan faɗa ba, don jikokin waɗanda suka yi wautar suna nan, har wasunsu sun auri nawa. Ƙauye ne dai tsakanin Bungudu da Furfuri.

Ku da kuke murɗa famfo yanzu ba ku san ruwa ba. Mu a lokacin, tsohuwar rijiyar gari ta rufta tun da jimawa, sai gulbi. Ana sallame asuba za mu naɗa gammo mu ɗauki tulu, mu tafi, mu tona, mu jira ruwa ya tsattsafo kamar mai jin kunya, mu kwasa da ƙoƙo. Kafin ki dawo rana ta take, wuya ya sage. Mai ciki ta je, mai goyo ta je, wadda ke cikin kulle kuma ta zuba wa 'ya'yanta ido. Ni mai fura abin ya fi ci, don gero ba ya wanke kansa. Shi ya sa da aka ce gari ya haɗa kai an ɗauko mahaƙa rijiya daga Tsafe, har guɗa na yi a tsakar gida ni kaɗai.

Ana cikin haƙar nan ƙanena ya dawo. Shi ne autanmu. Tun yana saurayi ya gangara Ikko, ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya samu aikin kuku a wani jirgin ruwa na ɗaukar kaya. Shekaru ya yi yana yawo a kan ruwa, har innarmu ta rasu bai sani ba. Ya dawo da furfura a gemu da akwati ɗaya, ya sauka a ɗakin zaure na gidana. Mutum ne marar yawan magana. Sai da ya kwana biyu, wata rana da hantsi ina cura fura yana zaune a kan turmi, ya dubi curin da na jera a ƙwarya ya yi murmushi.

Ya ce, "Yaya, kin san haka duwatsun ƙasan teku suke? Awa curin furarki."

Na ce, "Kai kuma yaushe ka shiga ƙasan teku?"

Nan ya ba ni labarin. Ya ce can a wani teku na gabas mai nisa, inda ake mako da makonni ba a ga tudu ba, wata safiya ya fito zubar da ɓawon dankali sai ya ga ruwa ya sauya launi. Ruwan da ya sani shuɗi, ya koma ɗorawa-ɗorawa, wani wuri kamar tsatsa. Wari ya tashi irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Kifaye matattu birjik sun juyo da cikinsu sama. Can nesa kuma ruwa na tumbatsa yana tururi kamar tukunyar da aka cika wa wuta. Abin da ya fi ɗaure masa kai, duwatsu ne suke yawo a kan ruwan, fari-fari, masu huji-huji, sun shimfiɗu iya ganinka, suna gogar cikin jirgi suna ƙara kamar ana sheƙar tsakuwa. Kyaftin ya sa aka karkata jirgi aka ba wurin hanya.

Ya ce da hankali ya kwanta, wani daga cikin masu tuƙin, wanda yake kai wa shayi kullum, ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ashe ƙasan teku ba shimfiɗe take kamar masussuka ba. Akwai kwazazzabai, akwai tsagogi masu tsawon tafiyar kwanaki, akwai duwatsun da na Kwatarkwashi ba zai kai musu gwiwa ba, duk ruwa ya rufe su. Suna da na'ura a jirgi mai aika ƙara ƙasa ta saurari dawowarta, da ita suke sanin inda tudu yake da inda rami yake. To wanda suka ratsa ta kusa da shi dutse ne mai aman wuta, kansa ya lotsa ciki kamar ƙwarya, a tsakiyar ƙwaryar nan bakinsa yake. In ya motsa, narkakken dutse ne ke fitowa ja wur. Da ya haɗu da ruwan sanyi sai bayansa ya daskare nan take, cikin kuma yana nan da zafinsa, ya fasa ya sake bulbulowa, ya sake daskarewa, curi a kan curi. Wanda ya fito da kumfa shi ne marar nauyin da ke tasowa sama. Kowane amai dutsen ƙara tsawo yake. Wani ma har yakan leƙo saman ruwa ya zama tsibiri, igiyar ruwa ta cinye shi, ya koma ya ɓuya.

Ya buɗe akwati ya miƙo mini guda ɗaya da ya kamfato da bokiti. Na jefa a randa, ya tsaya a sama yana lilo. Na ce ikon Allah ya fi gaban haka. Na gwada shi a diddigena, na ga ya fi kowane dutsen goge kaushi da na taɓa saya a kasuwar Gusau, na ajiye shi a bayan ɗaki. Ni dai iyakata da shi ke nan.

Kuskuren ƙanena ɗaya, da ya kai labarin nan gindin durumi. Durumin a jikin katangar gidana yake, nan mazan unguwa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, duk abin da suka faɗa ina ji ina daka. A cikinsu akwai wani dillalin awaki, mutum ne da in ya yabi tsohuwar akuya sai ka rantse budurwa ce. Shi ke jan zance, shi ke rufe shi.

Ƙanena bai kai ƙarshe ba dillali ya fashe da dariya. "Jama'a kun jiya? Wuta cikin ruwa! To mu da muke kashe gobara da ruwa, ashe fetur muke zuba mata?"

Wani ya ce, "A bar shi, iskan ruwa ne suka shafe shi."

Dillali ya ce, "Malam kuku, da ka sani ka tsoma buhun shinkafa, ka huta da hura murhu."

Aka yi ta tafa hannu. Daga ranar suka laƙa masa Mai Tafasa Teku. In ya wuce sai ka ji an ce, "Ya ruwa, ya tafasa?" Mutanen da mafi nisan tafiyarsu kasuwar Tsafe, su ne ke ƙaryata wanda ya ga abu da idonsa. Na cije, na ce ba komai, dariya ba ta fasa tulu. Da a nan suka tsaya da ban ba ku wannan labari ba.

Rijiya kuwa tana ta nisa. An wuce jar ƙasa, an fasa marmara, an fara fito da yashi mai danshi. Mu mata har leƙe muke ta kan danga muna duba launin abin da guga ke fitarwa. Wata ranar Laraba da azahar, rana kamar ta faɗo, babban mahaƙan ya hauro daga ciki jiƙe sharkaf da gumi. Dattijo ne gajere, ya tsufa a cikin ramuka. Ya zauna yana haki, ya ce wa yaran aikinsa a dakata, ƙasan ta yi zafi kuma iskar ta ɓaci, a sassaro rassan dalbejiya a riƙa zurawa ana jawowa har ta sake. Wannan abu ne da duk mai haƙar rijiya ya sani, kamar yadda na san fura na tsami in ta kwana.

Sai aka yi rashin sa'a dillali na tsaye. Ya matso ya ce, "Baba, zafi ka ce?"

"Zafi mana."

"Da wari?"

"Akwai ɗan bashi-bashi."

"Awa na ruɓaɓɓen ƙwai?"

Dattijo ya gaji, yana son a bar shi ya sha ruwa. Ya ce, "To, ka ce haka nan."

Wallahi, wata mata da ta ga abin ta ce dillali ya zura da gudu, har takalminsa ya bari a wurin. Kafin la'asar gari ya ɗauka an kusa huda wuta. Kafin magariba an ce an ga tururi. Washegari wata ta rantse mini kajinta sun ƙi kwana a akurki, wata ta ce ta ji ƙasa na gurnani a ƙarƙashin gadonta, alhali kowa ya san minsharin mijinta. Labarin da jiya ƙarya ne, yau ya zama gaskiyar da ta fi ta mai labarin. Shi ya ce teku mai nisan watanni, su suka ɗauko shi suka dasa a bayan masallaci.

Aka taru a ƙofar mai unguwa. Mata ba a kira mu ba, mu da tulun ke kanmu, amma na yafa mayafina na tsaya a bayan rumbu inda zan ji. Ƙanena ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da na faɗa ba a nan yake ba. Wuraren da wutar nan take an san su, tsagar ƙasa ce can ƙarƙashin teku. Ko jikokin jikokinmu za su yi ta haƙa ba za su kai inda take ba."

Dillali ya tare shi. "Kai da bakinka ka ce wari, ga wari. Ka ce zafi, ga zafi. Ka ce a ƙarƙashin ruwa take. To mi muke nema a ramin nan in ba ruwa ba? Muna taɓa ruwan, mi ke ƙarƙashinsa?"

Sai ka ji "Haka ne, haka ne" ta ko'ina. Ƙanena ya ce, "Ashe ba ku kuka ce ƙarya nake ba?"

"To yanzu mun yarda, kai kuma kana son ka janye!"

Babban mahaƙan ya ce shi tun yana yaro yake shiga rijiya, bai taɓa cin karo da ko garwashi ba, kuma ruwa bai fi a yi kwana kaɗan a same shi ba. Wani ya ce ai dole ya faɗi haka, tunda in ta tashi shi Tsafe zai gudu, su ne da gari. Dattijo ya tafi ya fara naɗe igiyarsa. Mai unguwa kuma mutumin kirki ne, amma irin kirkin da duk wanda ya fi ɗaga murya shi ke da gaskiya. Ya shafa gemu ya ce tsare rai ya fi komai, a binne.

Ban san lokacin da na fito daga bayan rumbu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin masu cewa a binne, wa ya taɓa ɗora tulu a kansa?" Sannan wani ƙanen marigayi maigidana ya ce, "Haba Inna, taron maza ne." Na ce na gani, shi ya sa na ji shawarar ta fito haka.

Washegari da safe suka yi gayya. Ku ji fa, mutanen da in an ce su zo gyaran hanya sai kowa ya tashi da ciwon baya, ranar har da mai kalangu. Ramin da aka yi makonni ana haƙa, kafin rana ta take sun shafe shi, suka bi da rawa suna daddanne ƙasa, suka ɗora ƙaya a kai. Dillali na gaba yana ba da umarni, bai taɓa shebur ba. Mu kuwa a daidai lokacin muna dawowa daga gulbi a jere, tuluna a ka. Wata yarinya mai tsohon ciki da ke gabana na ga hawaye na bin kumatunta, ba ta da hannun sharewa.

Na isa gida na tarar ƙanena na ɗaure akwati. Ya ce, "Yaya, bakina ya jawo muku. Gara in koma."

Na ce, "Ajiye. Bakinka gaskiya ya faɗa, kunnuwan jakai ta faɗa ciki. Tashi ka bi mahaƙan nan bakin titi kafin su sami mota."

Ya same su a zaune a kan kayansu. Da farko dattijon ya ƙi, ya ce garin da aka kira shi maƙaryaci ba ya sake saka diga a cikinsa. Ƙanena ya ce ba gari ke kira ba, gida ne, kuma shi ma maƙaryacin aka kira shi. Suka dawo tare. Na tsaya daga bakin ɗaki na nuna masa kusurwar tsakar gidana, wajen da nake shanya gero. Ya zaga, ya duba bishiyar da ke bayan katanga, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ce jijiyar ruwan ɗaya ce da waccan. Tumakina na kiwo su suka tafi a aikin, ban kuma yi kukansu ba.

Da ƙarar diga ta fara fita, sai ga mai unguwa da dillali da 'yan rakiya a zaure. To a nan ne al'ada ta yi mini rana. Gidan matan aure ne, ga surukaina biyu a ciki, namiji baligi ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo, ni kuwa ban ce ba. Suka tsaya suna ta sallama. Na zo bayan asabari na amsa.

Mai unguwa ya ce, "Hajiya," ni da ko Kaduna ban taɓa zuwa ba, ranar na zama Hajiya. "An ce haƙa kike. Ki dubi Allah, ki dubi maƙwabta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gidana ne. In wutar ta fito ni za ta fara ci, ku kuna da lokacin gudu. Na ma ga akwai masu saurin da har takalmi suke bari."

Dillali ya ce, "Wannan taurin kai ne! A shiga a hana!"

Na ce, "Bismilla. Wanda ya fasa zauren marigayi ya shigo kan matan 'ya'yansa, ya fara shirya abin da zai faɗa wa alƙali a Bungudu."

Ba wanda ya ɗaga ƙafa. Suka yi ta guna-guni suka watse. Majalisar gindin durumi ma ta tashi ta koma can bakin kasuwa, wai kada abin ya same su a zaune. Maƙwabcina na gabas ya kwashe iyalinsa ya kai ƙauyen Wanke wajen dangin matarsa. Na samu sakewa, na yi dakana ba mai cika mini kunne.

Da aka yi nisa, zafin nan ya zo, warin nan ya zo. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na leƙa ramin na ga duhunsa, gabana ya ɗan faɗi. Na dubi ƙanena, ya girgiza kai ya yi dariya. Aka zura rassan dalbejiya aka yi ta jawowa, aka saukar da fitila a guga ta dawo da wutarta, dattijo ya ɗaura igiya ya koma. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, muka ji muryarsa daga ƙasa kamar daga wata duniya: "A jawo a hankali!" Guga ya fito da ruwa, jajaja da laka. Na tsoma hannu. Sanyi kamar randar da ta kwana a inuwa.

Ban hana kowace mace ɗiba ba, har matar dillali, don ita ba ta yi mini komai ba, wuyanta ma ya fi nawa shan wahala. Amma duk wadda mijinta ya riƙe shebur ranar gayya, in ta cika tulu sai na ce, "In kin kai masa ki ce ya hura kafin ya sha, kada ya ƙone." Suna kaiwa kuwa, don mata sun fi ni jin haushi. Haka mazan garin nan suka yi shekaru suna alwala da ruwan rijiyar da ba su taɓa gani da ido ba, ba kuma wanda ya taɓa zuwa zaure ya ce mun yi kuskure. Dillali ma daga baya cewa ya riƙa yi wai dama shi wurin farkon ne bai yarda da shi ba.

Abin da na koya a wannan bazara shi ne, mai yi wa abin da bai sani ba dariya da mai gudunsa a guje, mutum ɗaya ne. Jiya ya ƙi saurare don raini, yau ya ƙi saurare don tsoro, a duka biyun bai tsaya ya tambayi wanda ya gani ba. Kuma in za a yanke shawara a kan kaya, a nemi wanda kayan ke kansa.

Mai unguwa ya rasu, dattijon Tsafe ya rasu, ƙanena ma ya riga ni, a ɗakin zauren nan ya cika, Allah ya jiƙansu. Cikin waɗanda suka tsaya a taron nan saura mu biyu, ni da dillali. Ya makance yanzu, ƙafa ta ƙi, yana kwance a soro. Kullum da safe jikarsa ke zuwa ta ɗebar masa na wanka a tsakar gidana, kuma har gobe in ta ɗora tulu sai na ba ta saƙon: ya hura, kada ya ƙone.